Fankar Motar Baba da Shinkafar Inna

A garin Bagudo akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta.

Yarinyar nan akwai tambaya! Kai, ban taɓa ganin irinta ba. In ta ga jirgi a kogin Kwara, sai ta ce me ya hana shi nutsewa. In an kunna fitila, sai ta ce ina hasken yake kafin a kunna. Malamar kimiyyarsu tana son ta saboda haka. Innarta kuwa wani lokaci sai ta ɗaga hannu ta ce, "Auta, don Allah bar ni in sha ruwa!"

Da a baki kaɗai tambayar ta tsaya, ai da sauƙi. To, hannunta ma tambaya yake yi. Duk abin da ta gani sai ta taɓa.

Babanta, Malam Namadi, manomin shinkafa ne. Yana da wata ƙaramar jif mai ruwan toka. Da ita yake zuwa fadama, da ita yake zuwa kasuwar Lolo.

Wata rana a tsakiyar bazara, yana dawowa daga Tsamiya, sai fankar motar ta ƙone. Fankar nan tana cikin inji, a bayan lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin. Da ƙyar aka jawo motar zuwa ƙofar gida.

Ran kowa ya ɓaci a gidan, domin akwai babbar tafiya a gaba. Yayar Auta, Raliya, za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a ranar Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana, a Birnin Kebbi. Bara zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta samu ta rubuta ba. Shekara guda ke nan tana karatu tana jira. In ta sake rasa wannan, sai kuma baɗi.

Aka nemi irin fankar a Bagudo, babu. Aka nema a Koko, babu. Sai wani ɗan kasuwa ya samo ta a Malanbil, can tsallaken iyaka a ƙasar Benin. Ya taho da ita ta Lolo. Ba ta iso gida ba sai ranar Talata da safe.

Bakaniken Baba ya zo da akwatin sifanoninsa. Sunansa Ademola. Ya daɗe a Bagudo, Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ranar kuma makarantarsu Auta tana hutu, don haka ta tsuguna kusa da shi tun kafin ya buɗe kwalin.

"Baba Ademola, wane rubutu ne wanga a jikin kwali? Na kasa karantawa."

"Faransanci ne. Daga Kwatano ta fito."

"To mota kuma mi za ta yi da fanka? Zafi take ji?"

Ademola ya yi dariya. "Sosai ma. Inji yana aiki, yana zafi. Ruwa ya zaga cikinsa ya kwaso zafin, ya kawo lagireto. Fanka ta jawo iska ta sanyaya ruwan. Ruwan ya koma. Haka suke yi har a isa inda za a je."

"In fankar ba ta jawo iska ba fa?"

"Ruwa ya tafasa, inji ya mutu. Ke, miƙo min wuƙar can."

Soket ɗin sabuwar fankar bai dace da na motar ba. Sai Ademola ya yanke shi, ya ɗauko na tsohuwar. Fankar tana da waya biyu, shuɗiya da baƙa. Soket ɗin ma yana da waya biyu, fara da rawaya. Ya murɗe su biyu-biyu, ya naɗe da baƙin salatif.

Ya riƙe fankar a wurin zamanta, ya ce wa Baba ya murɗa makulli. Fuuu! Fanka ta kama juyawa.

Sai ya yi wani abu da ya ba Auta sha'awa. Ya yago takarda daga kwalin, ya kai ta gaban motar, ya saki. Takardar ba ta faɗi ba. Ta manne a jikin lagireto kamar an liƙa ta.

"Lah! Mi ya riƙe ta?"

"Iska. Kin ga fanka tana zuƙo ta daga waje zuwa ciki. Haka ake so."

Saura a ɗaure fankar, sai ya ga notocin tsohuwar sun yi gajere. Ya yi tsaki. Ya ce zai nemo wasu, amma yana da aiki a hanyar Bahindi, sai yamma zai dawo. Ya mayar da fankar cikin kwali. Baba ya kai ta rumfar tsakar gida ya ajiye.

"Kada kowa ya taɓa min wagga fanka," in ji Baba. Bai kalli kowa ba sai Auta.

"To, Baba."

Baba ya tafi fadama. Raliya ta shige ɗaki da littattafanta.

A tsakar gida kuwa Inna ta baza shinkafar rani a kan tamfol. An buge ta, saura sheƙa. Amma sheƙa sai da iska, ranar kuma ko ganye ba ya motsi. Inna ta ɗebo a ƙwarya ta ɗaga sama ta zuba. Shinkafa da ƙaiƙayi suka faɗo wuri ɗaya.

"Yau kwana ukku ke nan," in ji Inna. "Iska ta yi yaji, ta ƙi dawowa."

Ta ɗauki mayafinta. "Zan je barka gidan Ummukulthum. Ki tsare min ita daga kaji. In iska ta taso, ki fara."

Auta ta zauna da 'yar sandarta. Ta kori kaza ɗaya. Ta kori ta biyu. Sai idonta ya faɗa kan kwalin fanka. A gefen kwalin kuma ga batirin sola, wanda suke kunna fitila da shi.

Ga shinkafa tana neman iska. Ga fanka mai yin iska. Ga batir. Ku da kanku kun san abin da ya shiga kan yarinyar nan.

"Gwadawa kawai zan yi," ta ce wa kaza. "Minti ɗaya."

Ta ciro fankar. Soket ɗin ba zai shiga kan batir ba. Sai ta warware baƙin salatif ɗin, ta raba wayoyin. Ta jingina fankar tsakanin bulo biyu. Ta taɓa shuɗiyar waya a kan batir ɗaya, baƙar a ɗayan.

Tas! Wuta ta yi tartsatsi. Auta ta zabura ta faɗi zaune. Allah ne ya tsare, domin batir ba abin wasan yara ba ne. Amma maimakon ta bari, sai ta sake matsowa.

Fuuu! Fanka ta tashi. Sai dai iskar bango take bugawa, ba wajen shinkafa ba.

Auta ta tsaya tana tunani. "In na musanya wayoyin fa?"

Ta musanya. Fuuu! Iska ta juyo ta ɗauke mata ɗankwali.

Daɗi ya kama ta. Ashe waya ce ke gaya wa fanka inda za ta juya! Ta musanya, iska ta koma bango. Ta sake musanyawa, iska ta dawo. Ta yi haka ya fi sau goma tana dariya ita kaɗai.

Daga nan ta jawo tamfol kusa. Ta ɗebo shinkafa a ƙwarya, ta zuba a gaban fanka. Ƙaiƙayi ya tashi ya yi can. Shinkafa ta zubo tas a gabanta.

Wallahi aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Abin da Inna ta kwana uku tana jira, Auta ta gama shi kafin azahar.

Tana cikin kakkaɓe fankar, sai ta ji muryar Inna a waje tana gaisawa da maƙwabciya. Ta jawo soket da sauri. Shuɗiya da fara ce? Ko shuɗiya da rawaya? Ta kalli wannan, ta kalli wancan. Ta manta!

"Salamu alaikum," in ji Inna daga zaure.

Auta ta murɗe wayoyin yadda hannunta ya kama. Ta naɗe salatif. Ta tura fanka cikin kwali.

Inna ta shigo ta tsaya turus. "Ikon Allah! Iska ta zo?"

"Ta zo, Inna."

"Ni ko ban ji ta ba a can. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Auta ta ce amin a hankali. Albarkar nan ba ta yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Gab da magariba Ademola ya dawo da notoci. A gajiye yake, ga wani mai mota yana ta kiransa a waya. Ya ɗaure fankar, ya haɗa soket. Baba ya murɗa makulli. Fanka ta juya.

"Shi ke nan, Malam Namadi. Allah ya kiyaye hanya."

Auta tana tsaye tana jiran a sa takarda. Ba a sa ba.

"Baba Ademola, ba za ka gwada da takarda ba?"

"Ai na gwada da safe. Wani ya taɓa ta ne?"

Baba ya juyo ya kalle ta. A nan ne fa ya kamata ta yi magana. Kalma ɗaya, da an gyara a minti biyu.

"A'a," in ji Auta.

Da aka zuba tuwo, loma uku ta yi ta ce ta ƙoshi. Ta yi ta ce wa kanta, "Wataƙila daidai na haɗa. Ai tana juyawa."

Washegari bayan sallar asuba suka kama hanya. Baba yana tuƙi. Raliya tana gaba, riƙe da takardar shiga jarrabawa a cikin leda. Auta tana baya, domin tun da daɗewa Baba ya yi mata alkawarin ganin Birnin Kebbi.

Da safe akwai ɗan sanyi, mota tana tafiya lafiya. Auta ta fara sakin jiki.

Bayan sun wuce Koko, rana ta ɗaga. Suka shiga wani wuri mai ramuka, Baba ya rage gudu. Sai ya kalli allon gabansa ya ce, "Subhanallahi."

"Mi ya faru, Baba?" in ji Raliya.

"Allurar zafi ta hau. Dubi, ta kusa ja."

Ya sauka gefen titi ya kashe mota. Ya buɗe murfin inji. Zafi ya bugi fuskarsa. Ruwan lagireto yana ƙara kamar tukunya a kan murhu.

"Ku matsa baya," in ji shi. "Ba a buɗe bakin lagireto da zafi. Ruwan zai iya watsowa ya ƙona mutum."

Suka jira. Suka yi ta jira. Raliya ta duba agogo, ta sake dubawa. Da injin ya huce, Baba ya ƙara ruwa. Ya murɗa makulli ya leƙa.

"Ga fanka tana aiki lafiya lau. To mi ke damun motar ga?"

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta.

Suka ci gaba a hankali. Ba su yi nisa ba, allura ta sake hawa. Wannan karon har tururi ya fito ta gefen murfin. Baba ya tsaya kusa da wata tsamiya. Babu gari kusa, sai gonaki.

Ya shiga tare motoci ko za a ɗauki Raliya. Ta farko a cike take har da kaya a sama. Ta biyu ma haka. Ta uku ko tsayawa ba ta yi ba.

Ya kira Ademola. "Fanka tana juyawa, ruwa ba ya zuba, amma zafi ya ƙi sauka."

Auta tana jin muryar Ademola ta cikin wayar. "Abin da mamaki. In dai fanka lafiya take, to matsalar tana cikin inji. Kada ka ƙara tada ta, Malam. Bari in nemi babur in zo."

Kafin ya zo daga Bagudo, ai an gama jarrabawa. Kowa ya san haka.

Raliya ta zauna a kan tushen tsamiyar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zargi kowa ba. Ta ɗora ledar takardarta a cinya, hawaye suna ɗiga a kai.

"Ba komai, Baba," in ji ta. "Wataƙila ba rabona ba ne."

Maganar nan ta soki Auta a zuciya. Ta tuna yadda Yaya take karatu har idonta ya yi ja. Ta tuna yadda ƙawayen Yaya suka tafi makaranta bara suka bar ta a gida. Tsoron faɗan Baba ya yi mata ƙanƙanta.

Ta ɗauki takardar da aka ƙunso musu ƙosai. Ta je gaban mota.

"Baba, don Allah ka murɗa makulli. Kada ka tada inji. Fanka kawai."

"Ke, ba lokacin wasa ba ne."

"Ba wasa ba ne, Baba. Don Allah."

Ya kalle ta da mamaki, ya murɗa. Fanka ta tashi. Auta ta kai takardar gaban lagireto, ta saki.

Takardar ba ta manne ba. Iska mai zafi ta turo ta waje, ta yi sama ta faɗa cikin gona.

"Baya take juyawa," in ji Auta. "Turo iska take yi, ba zuƙowa ba. Ni ce, Baba. Ni na kwance wayoyin jiya. Da ita na sheƙe shinkafar Inna. Da zan mayar, na manta yadda suke."

Raliya ta ɗago kai.

"Ke?" in ji Baba. "Ba na ce kada a taɓa ba?"

"Ka ce."

"Da Ademola ya tambaya jiya, mi kika ce?"

"Na ce a'a."

"Da muka tsaya ɗazu fa? Kina kallon yayarki tana duba agogo!"

Auta ta fashe da kuka. "Tsoro na ji."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa. Sai ya dubi Raliya, ya haɗiye. Ya sake kiran Ademola ya gaya masa komai.

"Kai! Kai! Kai!" in ji Ademola. "Yarinyar nan! To alhamdu lillahi, inji lafiya yake ke nan. Ni ma da laifina, da na sake gwadawa jiya. Malam, zare makulli. Cire kan batir tukuna. Ka cire? To nemi inda na naɗe da salatif."

Baba ya zura hannu. Wurin a matse yake, hannunsa kuma babba ne. Ya gwada ta sama, ya gwada ta gefe. Yatsunsa suna taɓa wayar amma ba sa iya kama ta.

"Hannuna zai shiga, Baba," in ji Auta.

Baba ya dubi hannunta. Ya taɓa ƙarfen ya ji ya huce. Ya sake duba kan batir ya ga a cire yake. Sannan ya ɗaga ta ya kara mata wayar a kunne.

"Auta, kina ji na?" in ji Ademola. "Wace waya ke tare da shuɗiya?"

Ta warware salatif. "Rawaya."

"Ga ɓarnar nan. Shuɗiya da fara ce. Baƙa da rawaya. Faɗa in ji."

"Shuɗiya da fara. Baƙa da rawaya."

"Murɗe su sosai. Ki naɗe kowace daban, kada su taɓa juna."

Gumi yana shiga mata ido. Hannunta ya yi baƙi ƙirin. Ta murɗe, ta naɗe, ta ja kaɗan ta ji sun riƙe.

Baba ya mayar da kan batir, ya murɗa makulli. Fanka ta tashi. Babu sauran takarda, sai Baba ya ciro hankicinsa ya kai gaban lagireto ya saki.

Hankici ya manne.

"Ku shiga!" in ji Baba.

Suka kama hanya. Su ukun idonsu yana kan allura ɗaya. Ta hau zuwa tsakiya, ta tsaya. Suka wuce wani gari, tana tsakiya. Suka isa Jega, tana tsakiya.

Raliya ba ta ce wa Auta komai ba. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi wa Auta bulala ciwo.

Da suka shiga Birnin Kebbi, Auta ba ta kalli komai ba. Garin da ta daɗe tana son gani, ga shi, amma agogon mota kawai take kallo. Sha biyu saura minti goma suka tsaya a ƙofar wurin jarrabawa. Layi ya ƙare. Mai gadi ya riga ya jawo ƙyaure ɗaya.

Raliya ta fita a guje tana ɗaga takardarta. "Don Allah, Baba mai gadi, ka tsaya!"

Mai gadi ya duba takardar. Ya duba fuskarta. Ya matsa gefe, ta shige. Ya rufe ƙyaure na biyu a bayanta.

Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Suka zauna a inuwar dogon yaro, shi da Auta. Ya sayo ruwa ya zuba mata ta wanke hannu.

"Baba, ka yafe min."

"Na yafe. Amma ki saurare ni da kyau. Son sani ba laifi ba ne. Dabarar da kika yi da shinkafa ma, ni ban taɓa tunanin ta ba. Da kin tambaye ni, da mun tambayi Ademola, ya nuna muna yadda za a yi ba tare da haɗari ba."

"Awo, Baba."

"Laifinki na farko, kin taɓa abin da aka hana ki. Batir zai iya ƙona ki, fanka za ta iya yanke miki yatsa. Na biyu ya fi girma. Kin san kin ɓata, kika ɓoye. Jiya gyaran minti biyu ne. Yau ya kusa cin shekarar yayarki."

Auta ta share hawaye. "In mun koma zan gaya wa Inna. Iskar da na ce ta zo, ba ta zo ba."

"Haka ya kamata. Ki kuma je ki ba Ademola haƙuri."

Suka yi sallar azahar. Suka dawo suka ci gaba da jira. Can sai aka buɗe ƙofa, ɗalibai suka fara fitowa. Auta ta miƙe. Ta hango Raliya, sai ta ɓuya a bayan Baba.

"Yaya aka yi?" in ji Baba.

"Na zauna. Na yi addu'a, na natsu. Na amsa duka, Baba."

"Alhamdu lillahi!"

Raliya ta leƙa bayansa. "Ke, fito nan."

Auta ta fito ta runtse ido tana jiran ranƙwashi. Ta san ta cancanta.

Raliya ta kama kunnenta ta ja kaɗan. "Wanga na shinkafa ne." Sai ta jawo ta jikinta ta rungume. "Wanga kuma na gaskiyar da kika faɗa ne. Da kin ƙara minti goma kina shiru, da na ƙara shekara guda a gida."

"Ba zan ƙara ba, Yaya. Wallahi ba zan ƙara ba."

Da suka koma Bagudo, Auta ta cika alkawari. Ta gaya wa Inna komai. Inna ta riƙe haɓa ta daɗe tana salati. Ta je garejin Ademola ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce in Baba ya yarda, ta riƙa zuwa ranar Asabar da tambayoyinta, amma hannu a baya sai an ce ta taɓa.

To yara, kun dai ji. Ku yi tambaya, ku nemi sani, wannan abu ne mai kyau. Amma ku nemi izini kafin ku taɓa abin da ba naku ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa nan take, tun gyaran yana da sauƙi.

Bayan kwana goma, da hantsi, saƙo ya shigo wayar Raliya. Ta duba, ta rufe baki da hannu. Inna ta saki muciya ta taso.

"Mi ya faru? Ki gaya min mana!"

Raliya ta miƙa wa Auta wayar. "Ke ki karanta mata."

Auta ta karɓa da hannu biyu. Ta karanta a hankali, hawaye suna hana ta ganin rubutun. Ta goge ido ta sake karantawa da ƙarfi.

"Inna, Yaya ta ci! Yaya za ta tafi jami'a!"

Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo da gudu.